Matakan Koyon Kare Kai ga Ɗalibin da Bai Taɓa Shiga Fage ba

Ɗalibin da ya tashi daga karatun dare a Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ya kama hanyar ɗakinsa na haya da waya a aljihu, kwamfuta a jaka, ya san yadda gaba ke faɗuwa idan aka ji takun mutum a baya cikin duhu. Haka ɗan'uwansa na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, wadda aka kafa a 2021, haka kuma yaran sakandaren Roni da Gwiwa masu zuwa makaranta a ƙafa ko a keke daga ƙauyukansu. Jigawa tana cikin jihohin da ake yaba wa zaman lafiyarsu, alhamdu lillahi, sai dai ɗalibi ba ya zama wuri ɗaya. Yau yana Kazaure, gobe yana tashar mota a Kano, inda ƙwacen waya ya daɗe yana cin rayukan matasa. Wanda ya ce zai koyi kare kansa ya yi tunani. Saura ya bi ta hanyar da za ta amfane shi, don akwai hanyoyin da ba sa ƙara wa yaro komai sai rawar kai da karaya.

Mataki na farko: San abin da kake nema

Idan wani ne ya mare ka kake neman ramuwa, ajiye maganar nan sai zuciyarka ta huce. Burin mai kare kai shi ne ya koma gida da ƙafarsa, jikinsa cikakke. In gudu ne ya kai shi gida, ya ci nasara. In ban haƙuri ne, ya ci nasara. Duka shi ne abu na ƙarshe, ranar da aka tare duk wata ƙofa.

Doka ma haka ta tsaya. Sashe na 33 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya amince mutum ya kare kansa daga farmaki, da sharaɗin ƙarfin da ya sa bai wuce abin da hali ya tilasta ba. Dokar Final Kod, wadda Arewa ta fara aiki da ita a 1960, ta ƙara fayyacewa: ba a yi wa mai kawo hari illar da ta zarce abin da zai tsayar da shi, kuma in da halin neman agajin hukuma, ita ake nema. A aikace, da zarar ya faɗi ko ya juya ya gudu, huruminka ya ƙare. Naushin da ka ƙara bayan nan, kai za ka amsa shi a gaban alƙali.

Mataki na biyu: Izinin gida da ganin likita

Je wa mahaifinka, ko wanda kake hannunsa, da maganar a fili: "Baba, ina so in shiga koyon kare kai, ga wurin, ga malamin, ga lokutan." Iyaye da yawa in sun ji an ce dambe sai hankalinsu ya tafi kan 'yan daba, kuma ba laifinsu ba ne. In suka ga malamin da idonsu sukan sauko. Abin da aka koya a ɓoye kuwa ranar da aka ji ciwo yake tonuwa, sannan a haɗa maka jinya da faɗa.

Daga nan sai asibiti, ko Babban Asibitin Kazaure, ko na Babura, ko wanda ya fi kusa da kai. A auna jininka, a saurari ƙirjinka, a yi maka gwajin sikila in ba ka taɓa yi ba. Mai sikila kada ya shiga atisaye mai tsanani sai da yardar likitansa. Mai AS zai iya yi, amma shi ya fi kowa buƙatar gudun ƙishirwa da zafin rana, kuma kada ya bari a tura shi ya wuce inda jikinsa ya ce ya tsaya. Mai asma, mai farfaɗiya, da wanda ya taɓa suma ko jin ciwon ƙirji yayin gudu, kowa ya faɗa wa likita, ya kuma faɗa wa malaminsa tun ranar farko.

Mataki na uku: Zaɓi fanni

A nan ɗalibai suka fi ɓata lokaci, suna gardamar wanne ya fi, kareti ko kumfu, alhali duk a fim suka gani. Ma'aunin da nake ba da shawara a kai biyu ne. Na ɗaya, wurin da za ka iya zuwa sau uku a mako da ƙafarka ya fi wanda sai ka biya kuɗin mota. Na biyu, fannin ya zama ana gwada shi da mutumin da ke turjiya da gaske, wanda ba zai faɗi don ya faranta maka ba.

Bisa wannan ma'auni, kokawa ce ke gaba, ga ta kuma a ƙofar gida. Duk kaka, in an gama girbi, ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura ba sa rasa samarin da suka iya ta. Mun raina ta ne don tamu ce. Maƙwabtanmu na Nijar ba su raina ta ba: tun 1975 suka fara gasar kokawa ta ƙasa ta neman takobi a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya fara ɗaukar takobin, kuma har yau ƙasar kan tsaya cak in ana gasar. Faɗan titi ba ya daɗewa ana musayar naushi. Cikin ɗan lokaci an ci kwala, an rungume, an nufi ƙasa. Ɗan kokawa ya san yadda ake dasa ƙafa, ya san nauyin mutum tun daga riƙon farko, ya san taɗiya, kuma kayar da shi aiki ne. Wanda ba a kayar ba yana da damar gudu.

Judo, wadda Jigoro Kano ya kafa a Japan a 1882, 'yar'uwar kokawa ce, ta kuma fi ta da abubuwa biyu: ana riƙon riga, kamar yadda mai cin kwalarka zai yi, kuma darasinta na farko shi ne yadda ake faɗuwa ba a ji ciwo ba. In ka samu malamin judo na gaske, kada ka wuce shi.

Damben zamani, na safar hannu, shi ke koyar da tazara, da kare fuska, da aikin ƙafa, da yadda mutum zai ga naushi na zuwa bai runtse ido ba. Wanda ya haɗa shi da kokawa ya samu mafi yawan abin da ɗalibi ke buƙata.

Takwando da kareti suna gina ladabi da sauri da laushin jiki, kuma suna da ƙungiyoyi da gasa. A takwando Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a wasannin Olamfik na Beijin a 2008, Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar ya ci azurfa a Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu a 2017. In su ne a kusa da kai, shiga. Ka dai riƙe cewa shurin da ake kai wa kai a fagen gasa ba ya yiwuwa cikin kaftani da silifa a kan tsakuwa.

Damben gargajiya fa? Ina girmama shi. Gadon mahauta ne, ya fitar da irin su Shago, kuma wanda ya taɓa zama a gidan damben Ado Bayero Square a Kano ya ga jarumta. Ɗalibi zai ƙaru da kallon tsayuwarsu, hannun garkuwa a gaba, na mashi a baya. Amma ban yarda sabon shiga ya naɗe hannu ya faɗa fage ba. Duka ne a kai ba kariya, burin wasan kuwa a yi kisa, wato a kai mutum ƙasa. Kan da za ka shiga jarrabawa da shi bai kamata ya zama abin gwajin kwaf ɗaya ba.

Mataki na huɗu: Nemo malami, ka kuma gwada shi

Fara da ofishin wasanni na makarantarka. Manyan makarantu suna tura ɗalibai gasanni irin su NIPOGA ta kwalejojin fasaha da NUGA ta jami'o'i, don haka masu kula da wasanni sun san wanda ya iya me. Ɗan sakandare ya tambayi malamin wasanni. Tambayi 'yan Man O' War, da masu yi wa ƙasa hidima, don a cikinsu akan samu wanda ya yi shekaru a judo ko takwando a makarantarsu. A ƙauye, tambayi dattawa wane ne tsohon ɗan kokawar da ake ganin mutuncinsa, ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka faɗi buƙatarka. Kano tana da nisan kimanin kilomita 80 daga Kazaure, kuma a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata za ka samu masu nuna maka ƙungiyoyin waɗannan wasanni. Ku huɗu ko biyar za ku iya haɗa kuɗi ku riƙa zuwa lokacin hutu a gyara muku kurakurai, ku dawo ku ci gaba da maimaitawa.

Kada ka biya ko sisi sai ka zauna ka kalli darasi guda daga farko har ƙarshe. Duba yadda yake yi da mafi rauni a ajin. Duba ko manyan ɗalibai na huce haushinsu a kan sababbi yana kallo. Tambaye shi a wurin wa ya koya, shekara nawa, kuma wace ƙungiya ta ba shi ɗamarar da ya ɗaura. Malamin ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambaya. Guji wanda ya yi maka alkawarin baƙar ɗamara cikin wata shida, da mai cewa zai koya maka doke mutum goma, da mai tura yaransa rigimar unguwa ko bangar siyasa. Wanda ya ce sai an yi rantsuwar sirri ko taron dare a bayan gari, wannan ƙungiyar asiri ce, tashi ka bar wurin.

A judo da kareti da takwando akwai al'adar sunkuyawa a gaida malami da abokin wasa, kuma Musulmi da dama ba su sakin jiki da ita. Yi maganar tun ranar farko cikin ladabi, ka nemi a bar ka ka yi musabaha ko ka ɗora hannu a ƙirji. Haka lokutan sallah, a san da su tun farko.

Ke kuma 'yar'uwa, wannan ilimi naki ne kamar yadda yake na kowa. Hedaya Malak ta Masar da ɗankwalinta na hijabi ta ci tagulla a takwando a Riyo. Ki nemi malama mace in da hali. In babu, ku haɗu ku da yawa, a fili, da sanin hukumar makaranta, kuma kada ki yarda da darasin ke kaɗai a ɗaki. Wando mai faɗi, riga mai tsawo, ƙaramin hijabi mara allura sun wadatar.

Bidiyon YouTube yana taimakawa wajen tuna abin da aka riga aka koya maka. Wanda ya dogara da shi kaɗai kuwa kamar mai koyon iyo ne a kan tabarma.

Mataki na biyar: Gina jiki a makonni shida na farko

Yawancin masu farawa numfashi ne ke fara yanke musu, tun kafin a zo maganar dabara. Kwana uku a mako, bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, fara da minti goma na sassarfa da juya gaɓoɓi har gumi ya tsattsafo. Sai gudu na minti goma sha biyar zuwa ashirin, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Sau ɗaya a mako ka yi gudun tsere na gajeren zango, kamar mita 50, sau biyar ko shida, domin irin gudun da zai cece ka ke nan. Biyo da tashi-tsuguna, da kifewa kan tafin hannu ana ɗagowa ana sauka, da rataya a reshe ko ƙarfe ana jan jiki sama, da tsallen igiya. Ku dawo da langa ma. Wasan yara muke ɗaukarta, amma tsalle da ƙafa ɗaya ana ture juna horo ne na daidaita jiki da ba a biyan ko kwabo.

Daga Maris zuwa Mayu zafin wannan yanki kan haura digiri 40, don haka ba a atisaye da tsakar rana. Sha ruwa kafin ka fara, da lokacin da kake yi, da bayan ka gama. In fitsarinka ya yi ja, ruwa bai ishe ka ba. Da hunturu a tsawaita ɗumama jiki, mai asma ya kiyayi ƙura. Da azumi a rage nauyin aiki, a mai da shi bayan tarawihi.

Abinci ba sai na kanti ba: wake, ƙosai, ƙwai, awara, gyaɗa, fura da nono, zogale, da tuwon da ka saba. Barci ya isa. Duk wanda ya miƙo maka taramol ko wata ƙwaya ya ce tana hana gajiya, ba masoyinka ba ne. Ciwon da take ɓoyewa shi ne ke gaya maka ka tsaya kafin abu ya tsinke.

Mataki na shida: Koyi abubuwa bi da bi

Faɗuwa ce farko, kuma a kanta za ka fi daɗewa. A samu wuri mai yashi mai laushi, a tsince duwatsu da ƙaya da kwalba. Fara daga tsugune: manna haɓa a ƙirji don ƙeya kada ta bugi ƙasa, ka gangara da baya, ka daki ƙasa da damtsen hannu gaba ɗaya. Kada ka taɓa miƙa hannu a sanƙare ka tare ƙasa, nan wuyan hannu da ƙashin kafaɗa ke karyewa. In ta baya ta zauna, sai ta gefe, sai ta gaba, sannan daga tsaye. Wannan darasi zai yi maka rana ko ba ka taɓa faɗa da kowa ba, domin faɗuwa daga babur ta fi farmakin ɓarawo yawa a hanyoyinmu. Haɗa da koyon tashi: hannu ɗaya na kare fuska, ɗaya na dafe ƙasa, ka ja ƙafa baya ka miƙe idonka na kan mutumin.

Na biyu tsayuwa da tazara. Ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, tafukan hannu a buɗe a gaban ƙirji kamar mai ba da haƙuri. Mai kallo zai shaida ba kai ke neman faɗa ba, ga shi kuma hannuwanka suna inda za su kare ka. Kada ka bar baƙon da ba ka yarda da shi ba ya matso inda hannunsa zai kai gare ka.

Na uku kuɓuta daga riƙo. In an kama wuyan hannunka, murɗa shi ta wajen babban yatsan mai riƙon, nan ne riƙo ya fi rauni, ka fizge da nauyin jikinka duka. In an rungume ka ta baya, saki nauyinka ƙasa ka buɗe ƙafafu. 'Yan mata su koyi zamewa daga dogon hijabi in an damƙe shi ta baya, tunda yana iya shaƙe wuya.

Duka shi ne na huɗu, kuma kaɗan ya isa: turi mai ƙarfi, bugu da gindin tafin hannu, gwiwar hannu, da shuri a ƙasa da gwiwa. Dunƙulen hannun da bai saba ba in ya haɗu da ƙoƙon kai, ƙashin bayan ƙaramin yatsa ne ke fara karyewa. In za ka rataya buhun duka, cika shi da tsummoki da garin katako. Yashi zalla yana dunƙulewa ya yi tauri ya lalata wuyan hannu. Naɗe hannu da bandeji kafin ka fara.

Lokaci-lokaci ka maimaita duk wannan cikin kayanka na yau da kullum, da jaka a baya.

Mataki na bakwai: Gwaji da abokin atisaye

Bayan wata biyu ko uku, in malami ya ga ka isa, za a haɗa ka da wani. A fara a hankali, da wanda kuke kusan nauyi ɗaya, malami na tsaye. Robar kare haƙori wajibi ce, kuma kowa da tasa. A yanke farce, a cire zobe da agogo. Wanda ya daki ƙasa ko jikin abokinsa sau biyu da tafi ya ce a sake shi ke nan, a sake shi nan take. Mai makero ko ƙazuwa ya zauna a gida har ya warke.

In ka sha bugu a kai ka ji jiri, ko gani ya dushe, ko ka kasa tuna abin da ya faru, atisayen ranar ya ƙare, kuma ba komawa sai likita ya ce. In amai ya biyo baya, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci mai nauyi, a tafi asibiti a daren. Kada kunyar abokai ta sa ka ce ba komai.

Ranar farko za ka ga duk abin da ka koya ya gudu daga kanka, ƙafa na rawa, numfashi na sama-sama. Kowa haka ya fara. Amfanin gwajin ke nan, jiki ya saba da tsoro a wurin da ba za a cuce ka ba. In jarrabawa ta matso, a dakatar da gwaji, a bar gudu da miƙe jiki kawai. Hannun da ya kumbura ba ya rubutu.

Mataki na takwas: Wuƙa, da taron mutane

Babu fannin da ke ba da tabbacin kuɓuta daga wuƙa. Dabarun ƙwace makami da ake nunawa suna aiki ne da abokin da ya miƙo hannu ya tsaya. Mai ƙwacen waya ba ya tsayawa, sau da yawa a buge yake, kuma da wuya ya zo shi kaɗai. In an nuna maka makami an ce kawo waya, miƙa ta, ko ka jefar da ita gefe ka bi ɗaya gefen. Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Maganar tauri da layar ƙarfe kuwa, kada ka jingina ranka a kanta, kuma kada ka bari a gwada wuƙa a jikinka. Kai ma kada ka ɗauki wuƙa da sunan kariya. Za ta iya jawo maka kora daga makaranta da tuhuma, ko a ƙwace ta a yi amfani da ita a kanka.

Abin da ya fi tsare ɗalibi shi ne abin da yake yi tun kafin a tare shi. Ku taso daga karatun dare ku uku ko huɗu, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A bi hanya mai haske ko ta fi tsawo. A cire abin sauraro daga kunne, a daina latsa waya a bakin titi ko a gefen adaidaita. Wani ya san inda ka tafi da lokacin dawowarka. Ga 'yan mata, sau da yawa cutarwa daga wanda aka sani take zuwa, don haka iya cewa "a'a" da murya mai ƙarfi, da ƙin shiga ɗaki ko ofis ke kaɗai in ranki bai kwanta ba, suna cikin darasin.

In abu ya faru, ɗaga murya: "Jama'a a taimaka!" Ka yi hattara da ihun "ɓarawo", domin taron da ya fusata ya sha kashe mutum kafin a bincika, wani lokaci ma wanda bai ji ba bai gani ba. In an kama shi, a miƙa shi ga 'yan sanda, kada ka sa hannu a dukansa.

Bayan haka ka je asibiti ko rauni ƙarami ne, a wanke, a duba batun allurar tetanus. Kai rahoto ofishin 'yan sanda da ofishin kula da harkokin ɗalibai, ka rufe layinka da asusun bankinka a ranar. Tun yau ka danna *#06# a wayarka, ka kwafe lambar IMEI da za ta fito a littafi ka ajiye a gida, tare da lambar gaggawa ta 112 da lambobin mutum biyu na gida da ka haddace a ka.